Bulon da Ya Faɗo Yana da Mai Shi

Ƙarar na fara ji kafin in ga komai. Ina tsaye a bakin titi ina jiran mai gyaran waya ya gama ɗaure min tawa, sai wani abu ya daki ƙasa a bayana, tim, kamar an yar da turmi. Da na waiwaya sai na ga farantin wata yarinya mai tallan gyaɗa yana ta wulwulawa a kan kwalta, ƙullin gyaɗar ya watse har cikin kwata. Rabin bulo ne ya faɗo daga saman benen da ake ginawa a wurin. Ya daki bakin farantin da ke kanta ya fizge shi, ya goge ta a kafaɗa, ya tarwatse a gefen ƙafarta. Yarinyar ba za ta wuce shekara goma ba. Ba ta yi kuka nan take ba. Ta tsaya ƙiƙam, gammon yana kanta bai faɗi ba, farar ƙurar siminti ta rufe mata silifas, tana kallon hannayenta. Sai da wata mai awara ta taso ta rungume ta tana salati, sannan kukan ya ɓalle.

Na ɗaga kai. Hawa huɗu. An kafa gora da katako a jikin ginin an bubbuga musu ƙusa, birkiloli biyu sun leƙo suna kallon ƙasa, kuma a bakin katakon da suke takawa an jera wasu bululluka suna jiran a ɗora su. Babu raga. Babu rumfa a kan hanyar masu wucewa. Ko igiya ba a gicciya ba don a ce wa mutane su kauce.

Can sai shugaban ma'aikatan ya sauko, dattijo ne mai furfura a gemu, yana goge hannu da gefen rigarsa. Ya duba kafaɗar yarinyar ya ce, "Sannu 'yata, sannu. Allah ya taƙaita." Na ce masa, "Baba, ina ragarku?" Ya dube ni ya ce, "Wace raga, Malam? Mu abin da aka ba mu da shi muke aiki. Wannan sai ka tambayi Alhaji. Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Ya zaro 'yan kuɗi ya biya gyaɗar da ta zube. Jama'a suka yi ta cewa Allah ya kiyaye gaba, kowa ya kama gabansa. Kwata awa ba ta cika ba na ji ƙarar cokalin birkila ta dawo a sama, kuma mutane suka ci gaba da bi ta ƙarƙashin wurin, kafaɗa da kafaɗa.

To Alhaji, kai nake tambaya, tunda an ce a tambaye ka. Kai da duk mai irin halinka, daga Kano zuwa Kaduna, daga Abuja zuwa Sakkwato, ku da kuke tada benaye a tsakiyar kasuwa da bakin manyan tituna. Wa ya ba ka izinin ɗora tarin bulo da ƙarfe a saman kawunan mutane ba tare da ka sa komai tsakaninka da su ba? Filin naka ne, mun yarda, takardunsa na hannunka. Titin fa? Kan yarinyar nan fa, shi ma yana cikin abin da ka saya?

Ka daina cewa tsautsayi. Tsautsayi shi ne abin da ya zo ta inda hankali bai zata ba. Wanda ya jera bulo a bakin katako mai tsawon mita 12 daga ƙasa, a kan hanyar da dubban mutane ke bi kullum, ya san wata rana ɗaya zai suɓuce. Ranar ce kawai bai sani ba, da wanda zai faɗa wa. Sunan wannan sakaci, kuma idan an gaya maka ka ƙi ji, ya zama ganganci.

Wataƙila ba ka taɓa zama ka yi lissafin abin da kake wasa da shi ba, bari in yi maka. Kowane hawa na bene kimanin mita 3 ne. Abin da ya suɓuce daga mita 12 yana isowa ƙasa cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, yana gudun kilomita 55 a awa. Daga mita 20 kuwa daƙiƙa biyu ne, gudunsa ya haura kilomita 70 a awa. Bulo mai inci tara yakan kai kilo 20. Ka ɗauka mota ce a guje a kan titi, wani ya miƙo bulo ta taga ya daki kan mai tafiya a ƙasa; abin da ke faruwa ke nan, sai dai wannan ta sama yake zuwa, inda ba wanda ke kallo. Ihun "kauce!" ba ya amfani a daƙiƙa ɗaya da rabi, kafin mutum ya gane da shi ake an gama. Kuma ba sai bulo ba. Guduma, guntun rodi da aka yanke, cokalin birkila, kwanon sarki, tsakuwa guda mai girman ƙwan kaza, katako mai ƙusa a jiki ranar da kafinta ke kwance katakon dekin, kowanne ya isa ya fasa kai. Hular kwanon da ake taƙama da ita ma tana da iyaka: a ƙa'idar Turai ana gwada ta ne da nauyin kilo 5 da aka sako daga mita ɗaya. Wannan ga ma'aikacin da aka ba hular ke nan. Mai talla, da almajiri, da matar da ta goyo jariri ta nufi asibiti, da fasinjan Adaidaita Sahu da tamfol kawai ke kansa, su wace hula suke da ita?

Abin da ke ƙona min rai shi ne maganin ba ɓoyayye ba ne, kuma ba sabo ba ne. Sa'ad da aka gina gadar Golden Gate a San Faransisko ta Amurka, tsakanin 1933 da 1937, masu irin wannan aiki suna da wani mugun lissafi da suka saba da shi, wai duk dala miliyan ɗaya da za a kashe a aikin gada, rai ɗaya zai tafi. Babban injiniyan aikin, Joseph Strauss, ya ƙi yarda da wannan lissafi. Ya tilasta wa ma'aikata sa hular kariya, ya kuma kashe kimanin dala 130,000 aka shimfiɗa raga a ƙarƙashin gadar daga wannan gaɓa zuwa waccan. Mutum 19 ne suka faɗo ragar ta tare su suka rayu. Mutum 19, kowanne da uwarsa, wasu da mata da 'ya'ya. Wannan aiki an yi shi tun kafin a haifi yawancin masu benayen da nake magana da su, lokacin da ba a san irin zaren roba mai ƙarfi da araha da ake saƙa raga da shi yau ba.

Labarin yana da sauran da ya kamata a faɗa. Ranar 17 ga Fabrairu, 1937, wani dandamalin aiki mai nauyi ya ɓalle da mutane a kansa, ya faɗa cikin ragar ya yage ta, mutum 10 suka mutu a rana ɗaya. Raga tana da nauyin da za ta iya ɗauka. Ba ta gyara ginin da aka yi da algus, ba ta riƙe dandamalin da aka ɗaure da wasa. Amma wanda ya ɗauki wannan ya ce tunda raga na yagewa ba sai an sa ba, daidai yake da wanda ya ce tunda an taɓa yin haɗari da mota mai birki, a cire wa tasa birkin.

Na san abin da za ka ce, don an sha faɗa min: tsada. Siminti ya tashi, rodi ya tashi, komai ya tashi. Gaskiya ne, mu ma a ƙasar muke. Amma je ka duba takardar kuɗin gininka. Ka sayi siminti tirela-tirela. Ka yi odar tayil daga waje, ka zaɓi gilashi mai duhu da zai rufe fuskar ginin tun daga ƙasa har sama, ka sa ƙofar ƙarfe mai ado da fitilu masu launi. Ba ka ce tsada ba a nan ko sau ɗaya. Sai da aka zo kan abu guda da ba ya ƙara wa ginin kyau, ba ya ƙara kuɗin haya, amfaninsa kawai ya hana wani mutuwa, sannan aljihunka ya tuna da tsada. Ragar nan kuma ba cinye ta ake yi ba. Idan an kula da ita ana kwance ta a naɗe a kai wani aikin. Maganar gaskiya ita ce ka auna kuɗin raga da abin da za ka biya idan an ji wa ɗan talaka ciwo, ka ga na biyun ya fi sauƙi: kuɗin gyaɗa, kuɗin ɗinki a asibiti, in abin ya yi muni buhun shinkafa da zuwa gaisuwa. Ka san iyayen ba za su kai ka kotu ba. Za su ce sun bar wa Allah, kai kuma a kan wannan haƙurin nasu ka kafa gininka.

Kai kuma ɗan kwangila, laifinka bai gaza nasa ba, wani lokaci ma ya fi, domin shi yana iya cewa bai sani ba, kai sana'arka ce. Kai ne ke karya farashi don ka ƙwace aikin daga hannun abokin takararka, sannan ka dawo ka nemi ribarka a cikin abin da ido ba ya gani. Akwai kuma waɗanda suka fi ba ni takaici, masu rataya wani koren yadi a gefen da ke kallon babban titi don a ce an sa, alhali bayan ginin, inda lungu yake, inda gidajen maƙwabta suke da yaransu na wasa a tsakar gida, a buɗe yake fayau. Wasu ma abin da suke ratayawa ragar inuwa ce irin ta lambu da wurin ajiye mota, ko buhunan da aka farke aka ɗinke. Irin wannan ya fi rashin sawa haɗari, don mai wucewa yana ganinta ya saki jiki ya bi ta ƙasa.

Tunda wasu za su fake da jahilci, bari a faɗi abin dalla-dalla. Raga iri biyu ce, kuma ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya. Akwai mai ƙananan idanu wadda ake lulluɓe gora da katakon da aka kafa a jikin gini da ita daga sama har ƙasa, ita ke tare ɓaraguzai da tsakuwa da ƙananan kayan aiki, ta kuma rage ƙurar da ke sauka kan abincin masu sayarwa. Akwai mai kaurin igiya da manyan idanu wadda ake shimfiɗawa a ƙarƙashin masu aiki, ita ke cafe mutum idan ƙafarsa ta zame. Inda ake son a tare duka biyun, sai a ɗora mai ƙananan idanu a kan mai kaurin. A dokar Amurka ba a yarda idon ragar tare mutum ya wuce santimita 15 ba, ba a yarda ta yi ƙasa da masu aiki fiye da mita 9 ba, kuma kafin a amince da ita sai an sako mata buhun yashi mai kilo 180 an ga ta riƙe. Ana duba ta kowane mako, duk abin da ya faɗa ciki a kwashe shi kafin masu aiki na gaba su hau. A Turai tazarar faɗuwar ma ba ta wuce mita 6. Bayan raga akwai katakon da ake kafawa a tsaye a bakin wurin takawa, mai tsawon kamar taƙi guda, don kada ƙafa ta shuri abu ya gangaro. Akwai rumfa mai ƙarfi ta katako ko ƙarfe a kan hanyar masu tafiya a ƙasa. Akwai bututun zubar da ɓaraguzai, wanda ko da tsofaffin durom da aka fasa gindinsu aka jera ana iya yin sa, maimakon lebura ya tsaya a hawa na uku ya juye baro yana ihu a kauce. Akwai ɗaure guduma da igiya a ƙugu. Wanne ne a cikin waɗannan ya fi ƙarfin mai gina bene?

Ƙasarmu kuma tana da nata sharuɗɗan da dole mai hankali ya lura da su. Ranar Arewa tana cin roba. Duk wanda ya bar bokiti ko buhu a tsakar gida wata shida ya ga yadda yake komawa ya rududduge a hannu. Haka raga take yi, tana nan a rataye kamar lafiyayya alhali ƙarfinta ya tafi, shi ya sa ake yankar samfurinta a gwada duk shekara. Sannan iska. Raga mai ƙananan idanu tana kama iska kamar tabarmar da aka shanya. Idan iskar farkon damina ta taso, irin wadda ke yaye kwanon gidaje, ta tarar da gora da katakon da ba a ɗaure su a jikin ginin da kyau ba, za ta kwaso su gaba ɗaya ta kife a titi. Don haka sa raga aiki ne na wanda ya sani, da lissafi, ba a ce wa yaron shago ya hau ya ɗaura da waya ba.

Duniya ta ga abin da ha'inci a wannan fanni yake jawowa. Ranar 26 ga Nuwamba, 2025, gobara ta tashi a rukunin gidajen Wang Fuk Court da ke unguwar Tai Po a Hong Kong, dogayen benaye takwas da ake yi wa gyara, an kewaye su da gora an lulluɓe da koriyar raga. Wutar ta ci bakwai daga ciki, mutum fiye da 150 suka mutu. Masu bincike sun gano cewa wani sashe na ragar bai cika ƙa'idar jure wuta ba, cewa an sa mai arahar a wuraren da hannun masu dubawa ba ya kaiwa, an bar mai kyau a inda za a duba. An kuma toshe tagogi da fallayen soso masu saurin kamawa. Can ana da doka, ana da masu dubawa, amma wasu suka zauna suka tsara yadda za su rufe musu ido don su rage kuɗi. Ɗan kwangilar da ke rataya koren yadi ta gefen titi kawai, irin wannan zuciyar ce da shi. Kuma a wurarenmu mai walda yana aiki a saman gini tartsatsin wuta na zuba, don haka maganar ragar da ba ta saurin kama wuta ta shafe mu kai tsaye.

Injiniya, kai ma ban tsallake ka ba. Ka yi karatun, kana da rajista da hukumar COREN, ko kai magini ne mai rajista da hukumar CORBON, ka san duk abin da na lissafa fiye da ni. Hatiminka ne a kan zanen. Idan ka zo wurin aiki sau ɗaya a mako da farar hularka, ka duba rodi ka duba kankare, ka wuce ta ƙarƙashin bulon da aka jera a bakin katako ba ka ce uffan ba don kada ran mai gida ya ɓaci ya ba wani aikin gaba, to ka sayar da iliminka. Ilimin an ba ka ne don ka faɗi abin da mai kuɗi ba ya son ji. Kana da ikon cewa aiki ya tsaya, kuma kana jin tsoron amfani da shi.

Hukuma kuwa, a nan ne abin ya fi zafi. Nijeriya tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006. Tana da dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashinsu a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, don wanda ya ji rauni a bakin aiki ya sami abin dogaro. Amma leburan da aka ɗauko da asuba a bakin titi da sheburinsa, aka sallame shi da magariba, sunansa ba ya cikin kowace takarda. Idan ya faɗo, abokan aikinsa ne ke haɗa kuɗin mota a mayar da shi ƙauyensu. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1988 ta fitar da yarjejeniya a kan tsaron lafiya a aikin gini, kuma ba ma'aikata kaɗai ta ambata ba, har da mutanen da ke kusa da wurin aikin. Jihohi suna da hukumomin tsara birane masu ikon ba da izinin gini da ikon dakatar da shi, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, da takwarorinsu a sauran wurare. Duk mun saba ganin jan fenti a jikin katanga an rubuta a tsayar da aiki. Tambayata ga duk mai riƙe da gwangwanin jan fentin nan ita ce: idan rashin takarda ya isa a tsayar da gini, me ya sa rashin raga a saman kasuwa bai isa ba? A sa shi cikin sharuɗɗan izini a rubuce: duk ginin da ya haura hawa ɗaya a bakin hanya, ba raga, ba rumfa, ba aiki. A kuma fara da ayyukan gwamnati kanta, da gadojin saman da ake ginawa motoci da babura na bi ta ƙarƙashinsu, don hukumar da ba ta tsare nata aikin ba ba ta da bakin tsawata wa wani.

Mun iya jimami idan abu ya yi girma. Da bene mai hawa 21 ya rushe a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya kashe mutum fiye da 40, ƙasa ta girgiza, aka kafa kwamiti. Da wani bene da ake ginawa ya rufta a titin Beirut a Kano cikin Agustan 2022, gari ya ɗauka. Amma bulo ɗaya, kai ɗaya, ba ya shiga labarai. Ana wanke jinin da bokitin ruwa a ci gaba da ciniki. A New York, a 1979, wani guntun gini ya ɓalle daga saman bene ya kashe wata ɗalibar jami'a tana tafiya a titi. Rai ɗaya. A shekarar da ta biyo baya birnin ya kafa dokar da ta tilasta wa masu dogayen gine-gine su riƙa sa ƙwararru na duba fuskar gininsu a kai a kai, aka ƙara tsaurara ta a 1998. Ba na cewa sun fi mu tausayi. Sun dai ƙi yarda a rufe maganar da addu'a kawai, suka tambayi wa ke da laifi, kuma me zai hana a sake.

Mu kuma da muke cewa mu masu addini ne, ya kamata wannan tambayar ta fi damunmu. Tun muna makarantar allo da Islamiyya aka koya mana cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani. Idan ɗauke ƙaya daga hanya lada ne, ɗora tan-tan na bulo a saman hanya ba kariya mene ne? An koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya ma ba su bar wannan a buɗe ba: a Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukanmu, an yi maganar katangar da ta karkata, aka gargaɗi mai ita, yana da halin gyarawa bai gyara ba, ta faɗi ta yi ɓarna, lamuni yana kansa. Kisan kuskure kansa Alƙur'ani bai bar shi haka ba, a Suratun Nisa'i an ɗora masa diyya da kaffara. To Alhaji, kai da ka gina masallaci a ƙofar gidanka, kake zuwa Umara duk azumi, je ka zauna gaban malaminka ka faɗa masa gaskiya yadda take: an gaya min in sa raga, ina da kuɗin, na ƙi, bulo ya faɗo ya kashe yaro. Ka ji abin da zai ce maka. Imani da ƙaddara gaskiya ne, kuma iyayen da suka rasa ɗa su ne ke da haƙƙin samun sanyi a cikinsa. Kai da ka jawo, ba ka da hurumin ɗaukar kalmar ka rufe bakinsu da ita.

Birkila da lebura, ku ba na ɗora muku nauyin da ba naku ba, na san da me kuke kwana. Wanda ya ce ba zai hau ba sai an sa raga, kafin ya rufe baki an kira wani. Amma akwai abin da ke hannunku. Kada ku jera bulo a bakin katako. Kada ku wurgo ragowar katako da ɓaraguzai daga sama don ƙyuyar saukowa. Wannan jifa da ake yi na bulo daga hannu zuwa hannu, daga ƙasa zuwa hawa na biyu, a kan hanyar da mutane ke bi, ku daina shi. Na san gwaninta ce, kuma na ga ranar da hannu ya kuskure. Ƙungiyoyinku na magina, da ke iya haɗa kai a kan kuɗin aikin yini, za su iya haɗa kai a kan wannan ma. Ranar da mai gini ya nemi birkila a gari ya rasa wanda zai hau masa bene ba raga, ranar zai saya.

Ni ma da nake wannan faɗan ina da nawa kason. Ranar nan na yi wa dattijon tambaya ɗaya, ya ba ni amsa, na karɓi wayata na tafi. Ban nemi mai ginin ba, ban je wurin mai unguwa ba, ban tara masu shagunan layin mun rubuta ƙorafi ba. Abin ya tsaya min a rai har yau, domin masu shagunan nan da mai awara da mai shayi su ne ke wuni a ƙarƙashin ginin, kuma da mutum ashirin sun tashi tare sun ce ba za a ɗora bulo ko ɗaya ba sai an kafa rumfa, da an kafa. Kunya da gudun rigima da "kada a ce ni ne" sun sa muna zuba ido ana caca da rayukan 'ya'yanmu.

Bayan mako uku na sake bi ta layin. Ginin ya ƙara hawa ɗaya. Na tambayi mai awarar labarin yarinyar, ta ce kafaɗar ta kumbura kwana biyu amma ta warware, sai dai uwarta ta canza mata layin talla. Na tambaye ta ita fa, me ya sa ba ta matsa ba. Ta ce, "Malam, in matsa in je ina? Nan masu sayena suka san ni." Kaskonta yana nan inda yake, taku huɗu daga gindin gorar, ta kafa 'yar lema a kansa saboda ƙurar siminti. Daga wurinta na wuce na nemi gidan mai unguwa.